Ciwon Gawut, Baƙon Tsakar Dare

A watan Janairu na 2024 wata ɗalibarmu ta aji biyar ta dawo daga hutun Kirsimeti a makare da mako guda. Da aka tambaye ta dalili, ta ce jinyar mahaifinta ta tsaya yi. Mahaifin nata manomin shinkafa ne a fadamar Kalgo, dattijon ikilisiya ne kuma, mutum mai jiki, shekarunsa sun haura 50. Kashegarin Kirsimeti ya kwanta lafiya lau bayan an ci an sha. Wajen ƙarfe biyu na dare sai ihunsa ya tashi mutanen gida. Babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura daga gindi, yana ƙyalli, da zafi rau kamar an ɗora masa garwashi, ko zanen rufa bai yarda ya taɓa wurin ba. Aka haska tocila ana neman kunama, ba a ga kunama ba. Da gari ya waye, masu zuwa dubiya suka yanke hukunci, suka ce wani abu ya taka a gona. Da ma akwai 'yar gardama tsakaninsa da wani maƙwabcinsa a kan iyakar gona, saboda haka ba a sha wahalar neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Aka kira wanzami, ya yi ƙaho, ya yi tsaga. Bayan kwana goma ciwon ya tafi. Wanzami ya sha yabo, maƙwabci kuwa aka daina gaisawa da shi.

Mun nemi izinin gidan kafin mu kawo wannan labari, domin mun san da wuya a rasa irinsa a gidajen masu karanta wannan littafi. Abin da ya sami dattijon nan yana da suna a asibiti, ana ce da shi gawut. A gida mukan haɗa shi da kowane ciwon gaɓa mu ce sanyi ne ko amosanin gaɓɓai. Amma shi dabam yake. An san abin da ke kawo shi, har ana iya ganin abin a madubin likita, yana kuma cikin 'yan cututtukan gaɓoɓi kaɗan da ake iya hana su dawowa ɗungum. Wani babban bincike na duniya ya ƙiyasta cewa a 2020 mutum fiye da miliyan 55 ne ke fama da shi.

Daga ina yake fitowa?

Ɗaliban da ke share barandar aji da safe sun san kashin ƙadangare: baƙi ne, da ɗan fari a gefe guda. Kashin kaza ma haka yake. Wannan farin shi ne sinadarin da ake kira yurik asid, watau dattin da ke saura bayan jiki ya narkar da wasu sinadarai masu suna fiyurin. Fiyurin yana cikin kowace ƙwayar halitta, ta jikinmu da ta naman da muke ci. Mafi yawan yurik asid ɗin da ke jininmu jikin ne da kansa yake yin sa sa'ad da tsofaffin ƙwayoyin halitta suka mutu aka sabunta su. Ƙaramin kashi ne yake zuwa daga abinci. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Akuya da saniya da jaki suna da wani sinadari a hanta wanda ke juya yurik asid ya zama abu mai saurin narkewa cikin ruwa, ya bi fitsari. Mu 'yan Adam ba mu da shi. Sai mu dogara ga ƙoda, wadda take fitar da wajen kashi biyu cikin uku, hanji kuma ya fitar da sauran. In ƙoda ta yi nawa, sai abin ya taru a jini. A cikin masu gawut goma, wajen tara matsalarsu ke nan, watau ƙodarsu ba ta fitar da shi yadda ya kamata, yawanci kuwa gado ne.

To, me ke faruwa in ya taru? Ku zuba sukari cikin kofin shayi, cokali ɗaya, biyu, uku, duk ya narke. Ku ci gaba da zubawa, za ku kai inda ruwan ya ƙoshi, sauran ya kwanta a ƙasan kofi. In shayin ya huce, abin da zai iya riƙewa ya ƙara raguwa. Jini ma yana da iyakarsa, wajen miligiram 6.8 cikin kowace desilita. In aka daɗe a sama da wannan iyaka, yurik asid yakan daskare a cikin gaɓoɓi ya zama 'yan ƙananan allurai masu tsini waɗanda ido ba ya gani. Babban yatsan ƙafa shi ne mafi nisa daga zuciya, ya fi sauran jiki sanyi, ga shi kullum yana ɗauke da nauyi, yana shan tuntuɓe. Shi ya sa wajen rabin masu wannan ciwo a nan yake fara kama su. Alluran sukan yi shekaru suna taruwa shiru. Ranar da wasu suka ɓalle suka faɗa cikin ruwan gaɓa, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, sai su ɗauka abokin gaba ne ya shigo, su far masa. Kumburi da zafi da azabar da mutum ke ji, yaƙin nan ne.

Ba jiya aka san ciwon ba. Hifokratis, likitan Girka da ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, ya lura cewa ba ya kama yaro kafin ya balaga, ba ya kuma cika kama mace sai ta daina ganin al'ada. Har yau maganar tasa tana nan, domin sinadarin jikin mace mai haihuwa yana taimakon ƙoda fitar da yurik asid. A 1679 Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya hango alluran a madubin da ya ƙera da hannunsa, bai kuwa san ko mene ne su ba. A 1683 Thomas Sydenham, likita a Ingila wanda shi kansa ya yi shekaru yana fama da ciwon, ya bayyana yadda yake tashin mutum wajen ƙarfe biyu na dare, daidai yadda ya tashi dattijonmu na Kalgo. Sai a 1848 Alfred Garrod ya nuna cewa jinin masu gawut cike yake da yurik asid. Turawa suna kiransa ciwon sarakuna, domin a zamanin dā mai nama da giya kullum sai sarki da attajiri. Sarki Charles na Biyar, wanda ya mulki Sifen, ya sha fama da shi, a 2006 kuwa aka gwada wani ɗan yatsansa da aka adana, aka tarar da alluran a ciki. Likitocin zamanin mulkin mallaka sun ɗauka baƙar fata ba ya yin gawut. Asibitocin Nijeriya da Togo da Kamaru sun riga sun ƙaryata wannan zato.

Halinsa, da yadda yake ruɗin mutane

Yakan zo farat ɗaya, galibi da dare, a gaɓa guda: babban yatsa, ko tsakiyar ƙafa, ko idon sawu, ko gwiwa, wani lokaci wuyan hannu ko gwiwar hannu. Kafin kwana ɗaya ya cika azabar ta kai maƙura. A fatar Bature wurin yakan yi ja, a tamu kuwa sai dai ya ƙara duhu ya yi ƙyalli. In ya lafa, fatar wurin takan yi saɓa.

Ga inda ruɗin yake. Ko an yi magani ko ba a yi ba, tashin farko yakan kwanta da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Saboda haka duk abin da aka yi wa mara lafiya a kwanakin nan, shi za a ce ya warkar da shi. In ƙaho aka yi, ƙaho ne. In jiƙo aka sha, jiƙo ne. In an kai shi Aliero wurin maɗora, sai a ce ɗori ne ya yi, alhali gwanintar maɗori a kan karaya take, nan kuwa babu ƙashin da ya karye. Mutum ya miƙe ya koma gona yana murna, allurai kuwa suna nan cikin gaɓa, kullum ana ƙara musu. Da yawa kafin shekara ta zagayo ya dawo musu. Daga nan tazarar takan riƙa raguwa, kwanakin ciwo su riƙa ƙaruwa, ya bar gaɓa ɗaya ya kama biyu ko uku. In aka yi wajen shekara goma ba magani, sai ƙulluttai masu tauri su fito a yatsu, da gwiwar hannu, da gefen kunne. In ɗaya ya fashe, wani farin abu kamar alli yake fitowa. A lokacin gaɓa ta riga ta ci, yatsu sun karkace, manomi ba ya iya riƙe fartanya. Wasu kuma yurik asid ɗin yakan zama musu tsakuwa a ƙoda.

Dole mu ja kunne a kan abu biyu. Gaɓar da ta kumbura da zafi, ga zazzaɓi mai ƙarfi da rawar sanyi, tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ta yi mugunya. Wannan yakan lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki, yana kuma kisa, don haka ranar za a tafi asibiti, ba a jira gobe. Tsaga a kan gaɓa mai kumburi hanya ce ta shigar da irin wannan ƙwayar cuta, balle ga mai ciwon sukari wanda gyambonsa ba ya saurin warkewa. Na biyu, ɗalibin da ke kukan ciwon ƙashi da gaɓoɓi kada ya karanta wannan ya ce gawut gare shi. A shekarunku abin da aka fi tuhuma shi ne sikila da wasu cututtuka dabam.

Abin da ke tsokano shi

A ƙasarmu lokatan tashinsa sanannu ne. Akwai bayan Kirsimeti da Ista, da bayan Sallar Layya a gidajen maƙwabtanmu Musulmi, inda ake yin makonni ana cin soyayyen nama, da bayan biki. Kayan ciki su ne kan gaba wajen yawan fiyurin, watau hanta da ƙoda da sauran abin da ke shiga farfesu. Sai jan nama, ko tsire ne ko balangu ko kilishi, sai kifin gwangwani da jatan lande. Giya kuwa ɓarna biyu take yi, tana ƙara fiyurin, tana kuma hana ƙoda fitar da wanda ke jini. Burukutu da ogogoro ba su kuɓuta ba. Ikilisiya ta daɗe tana faɗa a kan sha, ga likita ya zo ya goyi bayanta. Amma kada masu tara akwatunan lemon kwalba a bikin aure da taron zumunta su yi dariya tukuna. Rabin sukarin da ke cikin lemon nan wani iri ne mai suna furuktos, wanda in hanta tana sarrafa shi yurik asid yakan hau. Mun san gidajen da ba a taɓa shigar da giya ba, amma maigida yana shan kwalba uku a yini.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Gwandu da Kalgo yakan haura digiri 40. Mai noman rani da ya yini a fadama yana zuba gumi bai sha ruwa sosai ba, jininsa ya yi kauri, fitsarinsa ya ragu. Dogon azumi ba ruwa, da rama ta gaggawa, da rashin lafiya mai kwantarwa, duk sukan tsokano shi.

Akwai kuma magunguna. Ƙwayoyin hawan jini masu sa yawan fitsari, irin su Moduretic da Lasix, suna ɗaga yurik asid. Haka ƙaramin asfirin da ake ba masu ciwon zuciya, da wasu daga cikin magungunan tarin tibi. Kada kowa ya ajiye maganinsa saboda mun faɗi haka, gama shanyewar ɓarin jiki ta fi ciwon yatsa muni nesa ba kusa ba. A gaya wa likita, shi ya san wanda zai musanya, domin akwai maganin hawan jini kamar losatan wanda ma rage yurik asid yake yi. Gubar dalma ita ma tana lalata ƙoda ta jawo gawut bayan shekaru. Mun tuna abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Masu wannan sana'a da masu fasa tsohon batir su sani.

Yanzu mu koma kan abin da muka ce a riƙe. Tun da yawancin yurik asid jiki ne ke yin sa, ƙoda ce kuma ke kasa fitar da shi, to abinci tsokana kawai yake yi. Mahauta biyu za su ci hanta tare shekara ashirin a kasuwar Gwandu, ɗaya ya kamu, ɗaya ko gezau. Bai kamata a riƙa yi wa mai gawut kallon mai haɗama ba. Kuma ko ya bar nama ɗungum, abin da zai ragu a jininsa ba ya cika wuce miligiram 1. Ga wanda nasa ya kai 9 ko 10, wannan bai fisshe shi ba. Duk da haka gyaran ci yana rage yawan tashin ciwon: a rage nama, a bar kayan ciki da giya da lemo, a sha ruwa sosai, mai ƙiba ya rage ta a hankali. Wake da alayyafo da zogale ba su da laifi, kada a hana mara lafiya. Nonon da aka kaɗe aka cire mansa yana ma taimakon ƙoda, saboda haka fura da nono abokiyar mai gawut ce, muddin ba a cika ta da sukari ba.

Magani iri biyu ne

Na farko na kashe wutar da ta tashi ne. Likita yakan ba da ɗaya cikin uku: maganin kumburi irin su ibufurofen ko indometasin, ko kolcisin, ko furednisolon na 'yan kwanaki. Kolcisin daga wata fure ake samunsa, an yi ɗaruruwan shekaru ana amfani da ita, a 1820 aka tace sinadarin a Faransa. Yana aiki sosai in an sha da wuri, amma in ya yi yawa yakan kawo zawo mai tsanani, har ya zama guba, don haka ba a ƙara shi da ka. A ɗaga ƙafar, a huta, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora. Asfirin ba maganin wannan tashi ba ne.

A nan ne yawancin mutanenmu suke tsayawa, a nan ne kuma haɗarin yake. Ciwo ya tashi, a aiki yaro kemis ya sayo haɗin ƙwayoyi a ƙullin leda, uku ko huɗu, sau da yawa duk dangin juna ne. Ya lafa, bayan wata biyu a sake. Irin waɗannan magunguna in an daɗe ana sha suna huda ciki su sa aman jini, suna ɗaga hawan jini, suna cin ƙoda. Ƙodar nan kuwa da ma ita ce mai rauni. Tana ƙara lalacewa, yurik asid yana ƙara hawa, ciwo yana ƙara tashi, ana ƙara shan ƙwaya. Ƙarshen wannan hanya wankin ƙoda ne, wanda sai a sayar da gona da shanu ba a ga ƙarshen kuɗinsa ba.

Na biyu shi ne maganin gaske, mai narkar da alluran. Sunansa alofurinol, an fara amfani da shi a 1966, kuma Gertrude Elion da George Hitchings, waɗanda a ɗakin bincikensu aka samo shi, sun karɓi kyautar Nobel a 1988. Aikinsa rage yurik asid ɗin da jiki ke yi. In ma'aunin jini ya sauka ƙasa da 6 ya zauna a nan (wasu ɗakunan gwaji da ma'auni dabam suke aiki, su 360 za su rubuta), sai tsofaffin alluran su riƙa narkewa kamar sukarin ƙasan kofi da aka ƙara wa ruwa. Har ƙulluttan ma sukan baje. Ana ba da shi ga wanda ciwon ke tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko mai ƙulluttai, ko mai tsakuwa ko raunin ƙoda. Akan fara da kaɗan, miligiram 100 ko ƙasa da haka, a riƙa gwada jini ana ƙarawa har a kai inda ake so. Wanda alofurinol bai karɓe shi ba, akwai febuksostat.

Abu uku ne ke sa mutane su yar da shi. A watannin farko ciwon yakan ƙara tashi, domin alluran da ke narkewa suna ɓallewa, sai mutum ya ce maganin ne bai karɓe shi ba. Don haka ne likita ke haɗa shi da ɗan kolcisin na wata uku zuwa shida, kuma ko ciwo ya tashi ba a dainawa. Na biyu, in aka yi shekara lafiya sai a ce an warke, a ajiye. Yurik asid ya sake hawa cikin makonni, allurai su soma taruwa daga fari. Kamar maganin hawan jini yake, kullum ne, galibi har iyakar rai. Na uku shi kaɗai ne dalili na gaskiya: in ƙuraje suka feso a jiki, ko baki ya yi gyambo, ko zazzaɓi ya zo bayan an fara shi, a tsaya nan take a tafi asibiti. Ba ya cika faruwa, amma in ya faru ba abin wasa ba ne.

Gwajin yurik asid ɗan jini kaɗan ake ɗiba. Daga Kalgo ko Gwandu ana iya zuwa babban asibitin Kalgo, ko Asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya a Birnin Kebbi, in abin ya yi tsanani a tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wani lokaci ana tsakiyar ciwo gwajin yakan nuna daidai, sai a sake bayan mako biyu zuwa huɗu. Akwai kuma masu yawan yurik asid da ba su taɓa ciwon gaɓa ba, su ba a ce suna da gawut. Tabbaci mafi ƙarfi shi ne a zuƙo ruwan gaɓar da allura a duba a madubi. Wanda ya je, ya roƙa a duba masa ƙoda da sukari da hawan jini gaba ɗaya, gama su huɗun tare suke yawo.

Wani ɗan'uwa ya taɓa kawo mana zancen Sarki Asa na Yahuza, wanda 2 Tarihi 16:12 ta ba da labarin ciwon ƙafa mai tsanani da ya kama shi a shekara ta 39 ta sarautarsa, aka kuma zarge shi a kan ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba. Littafin bai ambaci sunan ciwon ba, ko da yake wasu likitoci sun yi zaton gawut ne. Ɗan'uwan yana ganin ayar ta hana zuwa asibiti. Mu ba mu ga haka ba. Wanda ya karanta surar daga farko zai ga Asa ya riga ya juya wa Allah baya tun lokacin da ya dogara ga sarkin Suriya, har ya ɗaure annabin da ya tsauta masa. Laifinsa ke nan. Ai annabi Ishaya da kansa ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun Sarki Hezekiya, Luka kuma da ya rubuta Bishara likita ne. A yi addu'a, a kuma sha ƙwayar safe.

Da ɗalibarmu za ta komo makaranta a watan Janairun nan ta ce, “Baba, da mun je asibiti an duba ƙafar nan.” Ya ce, “'Yata, ai na warke, tafi ki yi karatunki.” A watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, ciwon ya dawo, wannan karon a gwiwa, gwiwa kuwa ba ta taka komai a gona. Tana gida hutun Ista, ta sa yayanta ya ɗauko mai Keke Napep. Gwaji ya nuna 9 da ɗoriya, ƙodarsa ta soma rauni, aka kuma gane maganin hawan jinin da ya yi shekara huɗu yana saye da kansa yana cikin masu sa fitsari. Likita ya musanya shi, ya ɗora shi a kan alofurinol. Ciwon ya taɓa shi sau biyu a watannin farko, bai daina sha ba, domin 'yarsa ta rubuta masa da manyan baƙaƙe a jikin kwalin cewa kada ya daina. Bayan girbin shekarar, fasto da dattawa biyu suka raka shi gidan maƙwabcin nan ya roƙi gafara. Maƙwabcin ya ce ba komai, ya wuce. Da za su tashi sai ya ce shi ma idon sawunsa yakan tashe shi da dare, ya tambaya ko nawa ne kuɗin gwajin.